Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikata

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi, ga rahoton kwamitin gudanarwa na bana. An yi tarurrukan da tsarin ƙungiya ya tanada, an kuma je duba mambobin da suka kwanta rashin lafiya. Bayanin kuɗi yana wurin ma'aji, zai karanta shi daban. Gasar ƙirga taku ce ta fi cin lokacinmu, a kanta za mu tsaya.

Dalilin shirya ta a fili yake. Yawancinmu daga kujerar mota sai kujerar ofis, har a tashi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma alƙalumanta na 2022 sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan. Tafiya da ɗan sauri tana cikin irin wannan motsa jiki, ga shi ba ta buƙatar fili ko kayan wasa.

Kowane sashe ya tsaya a matsayin rukuni guda. Ƙarshen mako kowa ya turo hoton abin da wayarsa ko agogonsa ya ƙirga, a haɗa, a liƙa a allon sanarwa. Mun ga canji da idonmu. Matakalar bene da a da sai wuta ta ɗauke ake tunawa da ita ta samu masu hawa. Wanda ya saba buga wa abokin aikinsa waya alhali ofis biyu ne tsakaninsu, ya koma takawa ya same shi.

Sai dai an yi ƙorafi, kuma da gaskiyar masu yinsa. Masinjoji da masu gadi da masu shara ne a saman jadawali kowane mako, domin aikinsu kansa tafiya ne. 'Yan sashen kuɗi da masu aiki a kan kwamfuta suka ga tazarar ta yi nisa, wasunsu suka daina turo sakamako, alhali saboda irinsu aka ƙirƙiro gasar. Wayar da aka bari a kan tebur ba ta ƙirga komai. Mai iyo da mai tuƙa keke suna haɗa gumi ba a rubuta musu abin kirki ba, su kuma masu ciwon gwiwa da masu keken guragu tun farko tsarin bai yi da su ba.

Taku 10,000 da kowa ke hari a rana shi ma ya karya gwiwar wasu. Adadin nan asalinsa tallar na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokiyo. Binciken da Dakta I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya bi mata tsofaffi sama da 16,000. An samu ƙarancin mutuwa a cikin masu taku kusan 4,400 a rana fiye da masu 2,700, kuma amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500 kafin ya daidaita. A kan tsofaffin mata aka yi shi, amma ya ishe mu hujjar cewa wanda ya tashi daga ƙasa ya ƙara taku dubu biyu ya yi babban abu.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawarar a sauya tsarin maki a baɗi. A ware mako biyun farko don auna takun da kowa ya saba yi, daga nan a ba mutum maki gwargwadon abin da ya ƙara a kan nasa. Mai iyo, mai keke da wanda ba ya iya tafiya a ƙirga musu mintunan motsa jiki. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ji ta bakin likitansa kafin ya shiga.

Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan shawara a babban taro. Wanda ke da gyara ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin ranar, musamman 'yan uwanmu da suka janye a tsakiyar gasar, domin tasu muka fi son ji.