A Duba Gindin Tukunya Kafin A Kyautar

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tukwanen Suleja, don abin yana ci min rai.

Kowa ya riƙe naira 20 ya ga matar da ke bayanta tana ginin tukunya, amma tambayi mutum goma da wuya biyu su ce maka Ladi Kwali ce. Ita fa tun kafin Turawa su san ta Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yake tara tukwanenta a fada, a can ma Bature Michael Cardew ya fara ganinsu, shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Kun ga ashe tara irin kayan nan sarkinmu ne ya fara, ba wani baƙon abu ba ne.

Abin da ya bambanta aikin wurin da randar kasuwa shi ne wuta. Tamu ta gida da ciyawa da kirare ake gasawa a fili, su kuwa a rufaffen murhu, zafi ya haura digiri 1200, yumɓun ya koma kamar dutse, ga ruwan ƙyalli an shafa masa, ko ɗigo ba ya tsatsa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙara kamar tangaran. Ladi ba ta bar salon Gwari ba, da hannu take ɗaga tulun ta zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jiki. Sai dai fa nauyi, ba mai ɗaukarsa zuwa rafi, shi ya sa ya koma kayan ado.

To yau a Landan ake gwanjonsu kan dubban fam, mu kuma muna nan muna cika shogilas da faranti ɗan Chana. Ba wai ba mu iya tara kaya ba ne, ai iyayenmu mata sun yi jeren tasa da langa har rufi, na gida ne dai muka raina.

Wanda duk ya gaji wata buta ko kwano mai nauyi daga tsohon ma'aikaci, ya kifa ya duba gindin, na makarantar nan ta Suleja suna da ɗan hatimi an rubuta Abuja da ajami, kusa da shi haruffan magini, na Ladi LK ne. Kar a bayar wa dillali a banza wallahi.

Ladi ta rasu a Minna a 1984, amma magina ba su ƙare ba, akwai su a Bwari da Ushafa. A je a saya a hannunsu tun suna raye, a tambayi sunan wanda ya gina a rubuta a ajiye, kuma a rage musu tayin wulaƙanci, itacen gashi kaɗai ba arha ba ne yanzu.

Naka,
Mai karatu daga Suleja