A riƙa faɗin maganin da aka ba kunkuru kafin a auna ganinsa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon masu kawo labaran kimiyya, in za su ba da rahoton yadda ƙwaƙwalwar kunkuru ko ƙadangare ke amsa haske, su riƙa ambaton maganin barcin da aka ba dabbar, da yawansa, da zafin jikinta lokacin awo. Maganin kansa yana sauya abin da na'ura ke nunawa.

Awon dai haka yake: a dasa siraran wayoyi a sashen gani na ƙwaƙwalwa, a walƙa haske a ido, a duba girman motsin lantarkin da ya biyo baya da kuma jinkirinsa. Isofuloren, maganin barcin da ake shaƙawa, yana ƙara wa GABA, wani sinadari na cikin ƙwaƙwalwa, ƙarfin danne ƙwayoyin jijiya, sai amsar ta ƙanƙance, ta kuma makara. In ya yi yawa, ƙwaƙwalwa kan yi tsit, can sai ta ɓarke da motsi da kanta, mai awo ya zaci haske ne ya tayar da ita. Ketamin kuwa, wani maganin barcin, ƙofofin NMDA yake toshewa, wato wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyin jijiya masu karɓar saƙon da ke tayar da su, don haka kuskure ne a jera sakamakonsa da na isofuloren kamar abu ɗaya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne numfashi. Kunkuru na iya riƙe numfashinsa na tsawon lokaci, zuciyarsa kuma ta karkatar da jini ya kauce wa huhu. Ke nan adadin da aka saita a na'urar da ke ba da iskar maganin ba lallai shi ne ya isa ƙwaƙwalwa ba. Maganin wannan, a zura bututu a maƙogwaro, a riƙa hura masa iska kamar sau 2 zuwa 4 a minti.

Sanyi ma mugun abokin aiki ne. Jikin kunkuru da ƙadangare zafin wurin yake bi, kuma da ya sauka, saƙon jijiya ya rage gudu, hanta ta yi nawar narkar da maganin.

Sai ƙwayar ido: tsokar da ke tsuke ta ba irin ta ɗan Adam ba ce, ɗigon atirofin, maganin da ake ɗiga wa mutum don faɗaɗa ƙwayar ido, ba ya faɗaɗa ta, hasken da ke shiga sai ya bambanta daga gwaji zuwa gwaji. Shi ya sa ake auna lantarkin tantanin bayan ido a lokaci guda, a gane ko a idon amsar ta raunana ko a ƙwaƙwalwa.