Zuwa ga aminina, kan ƙasar shuka a tukunya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton tumatirin da ka dasa a barandar benenku: ganye ya yi rawaya, kara ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. Ka ce ƙila ba ka da hannun shuka ne. Hannunka lafiya lau, ƙasar ce.

Ni ma haka na fara. Na haƙo ƙasa a bayan gida na cika bokitai, ba a yi sati uku ba ta daskare kamar bulo. In na zuba ruwa sai ya kwanta a sama, ko ya zurare ta gefe ya fice. Da na tuge tsiro ɗaya sai na tarar saiwar ta yi baƙi, har tana wari. A gona akwai ƙwari da tana masu huda ƙasa, ruwa kuma yana da inda zai gangara. A tukunya babu wannan, alhali saiwa na bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Shi ya sa ƙasar tukunya haɗa ta ake yi, ba haƙo ta ba.

Haɗin da na tsaya a kai shi ne kashi 2 na ruɓaɓɓen taki, kashi 2 na zaren ɓawon kwakwa, da kashi 1 na buntun shinkafa ko yashi mai kauri. Taki ne abinci, zaren kwakwa na riƙe danshi, buntu kuma na buɗe wa iska hanya. Ka jiƙa zaren ka ɗauraye shi tukuna, domin wani yakan zo da gishiri. Nakan ƙara ɗan dakakken gawayi da ya kwana biyu cikin taki. Toka kuwa ka yi hattara da ita, tana rage tsamin ƙasa, yawancin kayan lambu kuma sun fi son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, tsakanin 6 da 7, ƙasa mai ɗan tsami kaɗan ke nan.

Takin ne ya fi faranta mini rai, don daga kwandon shara yake fitowa. Ɓawon kayan lambu, ganyen shayi, dakakken ɓawon ƙwai, duk a bokiti mai huji. Duk ɗanyen da ka zuba, ka rufe shi da ninki biyu na busasshen ganye ko yagaggen kwali, in ba haka ba zai yi ɗoyi maƙwabta su yi kuka da kai. Ban da nama, ban da mai. Ka riƙa juyawa duk sati. Bayan wata uku ko fiye za ka ga ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama. Sai ka tankaɗe. Kada ka yi gaggawa, ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Na san za ka ce me ya hana a sayi ƙasar shuka ta buhu a huta. Yawancinta ana yin ta ne da fit, wato ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama. Irin waɗannan fadamu kusan kashi 3 cikin 100 ne na doron ƙasa, amma kabon da suka adana, wato sinadarin da ke ɗumama duniya in ya fita cikin iska, ya fi na dazuzzukan duniya gaba ɗaya, kuma kaurinsu na ƙaruwa ne da kimanin milimita 1 a shekara. Abin da ya ɗauki ƙarnuka yana taruwa, a kwashe shi don tukunyar da za a zubar baɗi, raina bai kwanta da haka ba.

In ka gama haɗawa, yayyafa ruwa ka damƙi hannu ɗaya ka matse. Ya kamata ta dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, in ka taɓa ta da yatsa ta warware. In ta manne kamar laka, ƙara buntu. Ka huda gindin bokitin sosai, kuma kada ka shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ba ta taimaka wa ruwa fita, wurin saiwa kawai take cinyewa.

Yau ɗin nan ka tuge guda ɗaya cikin tumatirin ka duba. In akwai sauran farar saiwa, zai rayu in ka sauya masa ƙasa. Ka turo mini hotonta in gani. A gaida mutanen gida.

Naka amini.