Godiya ta musamman ga ma'aikatan NeuroMab na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku masu ƙera mana alamomin da muke binciken ƙwaƙwalwa da su, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ɓerayenku baki ɗaya. Bayan haka, na san da wuya a samu mai jin Hausa a cikinku, amma da gangan na rubuta da Hausa, don ƴan uwana ɗalibai da ke fama a lab su ma su gani, in ya so wani ya fassara muku.

Ni ɗalibi ne, ina digiri na uku, aikina a kan wata ƙofa ce da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sunanta Kv2.1. Duk sanda na je gida aka tambaye ni wai me kake karantawa ne haka shekara da shekaru, sai in ce ku ɗauka kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa gari ce mai ganuwa, a jikin ganuwar akwai ƙofofi, wata ta sodiyam wata ta fotasiyam wata ta kalsiyam, buɗewarsu da rufewarsu shi ne lantarkin da muke tunani da motsi da shi. Kv2.1 ta fotasiyam ce, idan ta buɗe sai fotasiyam ya fita ƙwayar ta lafa. Idan ƙwayar gadon da ke ƙera ta, KCNB1, ta zo da tangarɗa, yaro na iya tasowa da farfaɗiya mai tsanani tun yana ƙarami. Mu da muka taso muna ganin ana gudun mai farfaɗiya ana cewa kar a taɓa yawunsa, ana cewa iska ce, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya nace.

To matsalar ita ce ƙofar nan ba ta ganuwa ko da maikiroskof sai ka sa mata alama, alamar kuwa ita ce antibodi, wato irin sojan garkuwar jiki da ke kama furotin ɗaya tak ya manne masa, sai ka bi shi da na biyu mai ƙyalli ka leƙa. Haka ake faɗa a aji. A aikace kuwa wallahi labari ya sha bamban.

Shekarata ta biyu muka sayi wani antibodi daga wani kamfani, ba zan kama suna ba, ɗan digo ne a kwalba ko cokalin shayi bai cika ba amma kuɗinsa in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki. Hotuna suka yi ta fitowa jawur gwanin sha'awa, har na fara jera su a babi na uku ina jin kaina, wata bakwai ina kai. Ran nan malamata ta samo mana yankan ƙwaƙwalwar ɓeran da aka cire masa Kv2.1 ɗin gaba ɗaya, ta ce gwada mu gani. Na gwada. Ya fito jawur kamar kullum. Ma'ana duk wata bakwai ɗin nan wani abu daban nake ɗauka hoto, har yau ban san ko mene ne ba. Ranar ko abincin dare ban ci ba. Daga baya na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, a 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa, fiye da rabi sun faɗi a aƙalla gwaji ɗaya. Jiki magayi.

Wani abokin aiki ne ya ce me ya hana ka nemi K89/34, antibodin Kv2.1 na NeuroMab. Ni a raina na ce abu mai araha haka anya kuwa, kun san mu da cewa araha ba ta ado. Muka yi oda. Ranar da na sa silaid ɗin a ƙarƙashin maikiroskof na kashe fitila, sai ga su nan, dunƙule dunƙule kamar an yayyafa gero a jikin ƙwayar da gindin rassanta, daidai yadda aka san Kv2.1 na taruwa, a wuraren da fatar ƙwayar ke haɗuwa da jakar da ke ajiye kalsiyam a ciki. Na ɗauko na ɓeran da aka cire wa, duhu ƙirin, babu komai. Ban taɓa murnar ganin duhu irin ta ranar ba, sai da na fita baranda na kira mahaifiyata, ita ba ta gane me ya faru ba amma ta sa albarka.

Abin da ya sa nake yaba muku ba arahar ba ce kawai. Da na zauna na karanta yadda kuke aikin sai na gane inda bambancin yake. Tun 2005 da Farfesa James Trimmer ya kafa wurin da tallafin hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, hanyar da Köhler da Milstein suka fito da ita a 1975 kuke bi, a yi wa ɓera allurar furotin, a ɗauki ƙwayoyin saifarsa a haɗe su da ƙwayoyin da ba sa daina hayayyafa, kowane dangi ya riƙa zubo antibodi iri ɗaya har abada. Wannan kowa na yi. Amma ku ba ku tsayawa a gwajin farko na faranti, sai kun tace dangi kusan 1,000, waɗanda suka tsallake kuma ku kai su kan ainihin yankan ƙwaƙwalwa da westan bulot (gwajin da ke ware furotin bisa girmansu), in akwai ɓeran da aka cire wa furotin ɗin ku gwada a kansa. Wahalar da ni na gano amfaninta bayan na yi asarar wata bakwai, ku kun sha ta tun kafin kwalbar ta bar hannunku. Kuma shi Farfesan Kv2.1 ɗin ce ma abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai, ka ga mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai kuma abin da ya fi burge ni, ba ku ɓoye komai. Yadda ake haɗa ruwan, awa nawa za a jiƙa, duk kun baje a fili. Kun karanto jerin ƙwayoyin gadon antibodin kun saka a intanet, da yawa daga cikinsu kun mayar da su filasmid, wato ƴan zoben DNA, kun ajiye a Addgene, ma'ajiyar da ke raba su ga masu bincike, kowane lab zai iya karɓa ya noma nasa. Duk wanda ya taɓa jiran kaya mai buƙatar sanyi ya iso Najeriya, ƙanƙara na narkewa a kwali ana ta kai da kawo da takardu, ga wuta ta ɗauke firji ya huce, ya san darajar wannan, don DNA ta fi juriyar hanya nesa ba kusa ba. Ni dai da shi nake shirin komawa gida in Allah ya yarda.

Bayan K89/34 na ƙara da N106/36, antibodin wani furotin mai suna ankirin G, don in ga gindin jijiyar da saƙo ke tashi daga ita, shi ma bai ba ni kunya ba. Gwajin da na fi so yanzu shi ne in zuba wa ƙwayoyin gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zuga juna da shi, cikin mintuna sai dunƙulen nan su watse su bazu a jikin ƙwayar, abin da lab ɗin Trimmer ya nuna tun 2004, ga shi ina gani da idona, sau nawa na maimaita shi ba don ina buƙata ba sai don daɗin kallo kawai (malamata kar ta ji).

Godiya ta daban ga masu aikin da ba a jin sunansu, masu ciyar da ƙwayoyi ranar hutu, masu yanka ƙwaƙwalwa siriri siriri, masu duba silaid ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. Sunan wurinku na cikin shafin godiya na kundina, kusa da na iyayena. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Bari in tsaya nan, agogo ya buga, silaid ɗina na jiran wanki na uku.

Naku,
wani ɗalibi Bahaushe mai leƙen ƙofofin fotasiyam