Kun yabi Mdou Moctar da abin da bai yi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, shirinku na daren Asabar a kan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Abzinawan Nijar, ya ɓata mini rai. Yabon da aka yi masa bai dame ni ba, ya cancanci fiye da haka ma. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda mai gabatarwa ya mai da bawan Allahn nan bulalar dukan yaran da ke waƙa a situdiyo. Ya yi ta nanata cewa wai ga makaɗin gaske wanda babu ruwansa da na'ura, daga shi sai jitarsa sai rairayin Sahara, namu kuwa na Kano da Damagaram ba su iya komai ba sai Auto-Tune, manhajar gyaran murya. Wannan magana ba ta da tushe, kuma da an tambayi ko da yaron shagon tura waƙoƙi ne a Agadas da ya gyara muku ita.

Kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. A Sakkwato fa, Malam Edita, a irin situdiyon da mai gabatarwarku yake yi wa dariya. Muryarsa a ciki shaƙe take da Auto-Tune, kiɗan da ke ƙasa kuma na na'ura ne, salon waƙoƙin fina-finan Hausa na wancan lokaci, sai dai da Tamashek, harshen Abzinawa, yake rerawa. Ta nan duniya ta fara jin sa. To ina mutumin da bai san na'ura ba?

Tunda an zagi abin a shirin ba tare da an faɗi yadda yake aiki ba, bari in faɗa. Kamfanin Antares ne ya fitar da Auto-Tune a 1997, wanda ya ƙirƙiro shi kuwa injiniya ne, Andy Hildebrand, da ya yi aikin nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa a harkar neman mai. Aikin manhajar ɗaya ne: ta saurari murya, ta auna kaifinta, ta ja ta zuwa sautin da ya fi kusa cikin jerin sautukan da aka ba ta. Abu biyu ake saitawa. Na farko jerin sautukan, wato a gaya mata a kan wane tsani ake waƙar. Na biyu saurin gyara, wanda ake aunawa da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. In an bar shi wajen 20 zuwa 50, gyaran yana shiga a hankali, mai sauraro ba ya ma ganewa. In an mai da shi sifili, murya ba ta zamewa daga sauti zuwa sauti, tsalle take yi, shi ne wannan rawar murya da kowa ya sani tun waƙar Cher, mawaƙiyar Amurka, ta 1998.

Ga inda matsala take. Yawancin kiɗan jitar Abzinawa a kan sautuka biyar yake tafiya, haka ma waƙoƙinmu da dama. Manhajar kuwa in ba a taɓa ta ba sautuka goma sha biyu take dubawa. Mawaƙi ya ɗan kauce kaɗan, sai ta cafke shi ta kai shi sautin da babu shi a waƙar kwata-kwata, sai ka ji murya tana kuka kamar ba ta san gidansu ba. Mai situdiyon da ya san aikinsa yana cire sautuka bakwai ɗin da ba a buƙata, ya bar biyar. Kuma dole a ɗauki murya ita kaɗai, mawaƙi sanye da abin kunne, don in kiɗan lasifika ya shiga makirufo tare da murya, manhajar ba ta san wanda za ta bi ba. Munanan waƙoƙin da mai gabatarwarku yake ƙorafi a kansu, galibi waɗannan kurakurai biyu ne suka haife su. Laifin hannun da ya saita ne. Sannan ba ta ƙirƙirar murya: wanda bai iya lanƙwasa muryarsa ba, ko an sa masa sifili babu abin da zai fito sai ƙarar banza, domin rawar tana fitowa ne daidai lokacin da mawaƙi yake zamewa tsakanin sautuka.

An kuma ba da labarin jitar da ya ƙera da wayar birkin keke yana yaro, saboda gidansu ba sa son kiɗan. Labarin gaskiya ne. Amma an ba da shi kamar hujja ce cewa kayan aiki ba su da muhimmanci, alhali duk wanda ya taɓa ɗaura irin wannan tsirkiya ya san azabar da ke ciki. Wayar birki tufka ce ta siraran wayoyin ƙarfe, warware ta ake yi a zaro ɗaya-ɗaya. Dukansu kaurinsu ɗaya. Jita ta gaske tsirkiyoyinta shida sun bambanta, daga siririya mai kaurin kashi 10 cikin dubu na inci har zuwa mai kashi 46. In duk kaurinsu ɗaya ne, wadda kake so ta ba da sauti mai zurfi sai ka sassauta ta har ta riƙa kaɗawa tana dukan katako, wadda kake so ta yi kaifi kuma sai ka ɗaure ta har ta tsinke, kuma a wurin da ta taɓa lanƙwashewa take tsinkewa. Ga tsatsa daga zufar hannu, ga yankan yatsa. Yaron da ya jure wannan so yake ya kai ga jita ta gaske, kuma da ya same ta bai waiwayi keke ba.

Jitar da yake riƙewa yanzu, farar Fender Stratocaster, ita kanta na'ura ce daga sama har ƙasa. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai madaukan sauti guda uku, kowanne da maganaɗisu shida da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kan maganaɗisu, wuta 'yar kaɗan ta taso a wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Cire wayar da ke haɗa jitar da amfilifaya, mutumin da ke bakin ƙofa ma ba zai ji ka ba. Wannan gurnani da jitarsa take yi, wanda mai gabatarwa ya kira kukan hamada, ana samun sa ne in an tura wa amfilifaya sigina fiye da yadda za ta iya ɗauka, ko a bi da shi ta ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa, mai cin batir na volt 9. Batirin ya yi sanyi, sautin ya fara tsinkewa yana shaƙewa. Hamada ba ta da hannu a ciki.

Haka ma wannan salon da yake sa yatsun hannun kaɗawa su hau wuyan jita suna ƙwanƙwasa tsirkiya da sauri. An san Eddie Van Halen, makaɗin jita na Amurka, da shi, kuma Mdou Moctar ya kalli bidiyoyinsa ne a YouTube. Salon ba ya yiwuwa yadda ya kamata sai an sauko da tsirkiyoyi kusa da wuya, an ɗaga ƙarfin amfilifaya yadda ɗan taɓi kaɗan zai yi ƙara ya daɗe, sannan a danne sauran tsirkiyoyi da gefen tafi don kada su yi ta hayaniya. Ga intanet, ga wutar lantarki, a cikin abu ɗaya da kuka yaba.

Kun kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, kowa ma yana yi, amma kun tsallake wanda ya kamata a fara ambata: Abdallah Ag Oumbadougou, ɗan Nijar, wanda kiɗansa ne ya sa yaron ya ƙudurta sai ya riƙe jita. Kun tsallake takamba, kiɗan gargajiya da Abzinawa ke yi da molo da ƙwarya. Yadda Mdou Moctar yake kaɗawa babu ɗan roba a hannu, babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai zurfi tana ta gunji ba fasawa, manuniya kuma tana yawo a kan sirara, duk wanda ya saba kallon masu molo zai gane inda aka samo shi. Abin da ya haɗa shi da Hendrix a zahiri shi ne dukansu bahagwai ne suna riƙe da Stratocaster. Kuma bahagon makaɗi a ƙasashenmu yana shan wahalar da ba a faɗa ba. In jitar 'yan dama ka samu, juya ta kawai ba ya wadatarwa. Ɗan ƙashin da ke saman wuya an tsaga masa ramuka daidai kaurin kowace tsirkiya, in ka sauya musu wuri sai mai kauri ta ƙi zama a ƙaramin rami, siririya kuma ta riƙa lilo a babba. Dole a cire shi a yanka sabo. Sannan a sake saita jakin da ke ƙasa, wanda tsirkiyoyi ke hawa, tsirkiya bayan tsirkiya, a tabbatar sautin da ke kan ƙarfe na 12, wanda shi ne tsakiyar tsirkiya, ya dace da na tsirkiyar in ba a danne ta ba. In ba haka ba, jita za ta yi daidai a ƙasan wuya, tana hawa tana karkacewa.

Wanda ya san yadda ake kiɗan biki a Agadas ba zai ce babu na'ura ba. Da janareta ake yi. Madaukin sauti irin na Stratocaster yana kwasar gunjin wuta, wanda a Nijar da Najeriya yake kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in janareta ba shi da waya zuwa ƙasa abin yana ninkuwa, wani lokaci har makirufo ya ja mawaƙi a leɓe. Maganin da aka sani: a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a jiƙa wurin, a nisanta janareta, kada wayar jita ta kwanta tare da wayar wuta, a kuma mai da makunnin zaɓen madaukan sauti na jita matsayi na 2 ko na 4, inda madauka biyu suke kashe wa juna gunjin a yawancin sababbin ƙira. Amfilifayar da aka sayo daga Amurka ta volt 120 ce, wutarmu kuwa 220 zuwa 230. A jona ta kai tsaye babu taransifomar rage wuta, in an yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba a yi ba sai hayaƙi. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar ƙwarzane, bushewar iska kuma tana motsa katakon wuya har sai an taɓa sandar ƙarfen da ke cikinsa, kwata ɗin juyi a lokaci guda, a jira ya zauna.

Yadda ya yi suna ma, ai waya ce ta ɗauke shi. Anar bai fito kasuwa a lokacin ba, ta Bluetooth da katin memori waƙoƙin suka bazu. Waƙar minti huɗu a MP3 mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabait huɗu, katin gigabait 2 kuwa zai ɗauki kusan 500. Turawa daga waya zuwa waya ba ta rage inganci, abin da ke ɓacewa shi ne suna: wannan ya sauya sunan fayil, wancan ya goge, har waƙa ta kai Mali ba a san mai ita ba. A arewacin Mali ne Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa Sahel Sounds, ya kwashi irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya haɗa kundin Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman masu su. Darasin da ya kamata shirinku ya ba yaranmu ke nan: ka rubuta sunanka a cikin bayanan fayil, ka kuma ambace shi a cikin waƙar kanta. Maimakon haka an ɓata lokacin ana yi musu gori.

Akwai wurin da na'ura take cutar da irin wannan kiɗa, kuma da shi aka kawo da na yi shiru. Ku saurari wasansu na kai tsaye, shi da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, Mikey Coltun a jitar bas. Waƙa tana farawa a tsanake, tana tafiya tana ƙara gudu har ta kai inda masu rawa suke so. A situdiyon zamani ana sa wa mai ganga wani ƙas-ƙas a kunne mai gudu ɗaya tak, don a samu sauƙin yankawa da liƙawa a kwamfuta. Ka sa wa wannan kiɗa shi, ka kashe shi. Gwaninta ita ce sanin abin da za a ɗauka da wanda za a ajiye, kuma tarihinsa ya nuna hakan: Afelan na 2013 kai tsaye aka ɗauke shi a Cintabaraden, Ilana na 2019 a situdiyo a birnin Detroit tare da cikakkiyar ƙungiya, Afrique Victime na 2021 ya fito ta kamfanin Matador, sai Funeral for Justice a 2024. Kowanne da irin kayan da aka zaɓa masa.

 

Abin da nake nema shi ne ku sake shirin, ku fara da sa waƙa ɗaya daga Anar, a faɗi a ina aka ɗauke ta da shekarar. Ku gayyato mai situdiyo guda daga Sakkwato ko Maraɗi da makaɗin jita guda daga Agadas, ku ba su minti ashirin su yi bayani da kayansu a gabansu. Mai gabatarwa kuma ya nemi afuwar yaran da ya ci wa fuska.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti, Maraɗi