Baiti ɗaya, hannu biyu

Ranka ya daɗe Edita,

Wani malami ya ce a rediyo wai waƙoƙin cocin Turawa na Latin duk kanwar ja ce. Ni da nake koyar da mawaƙan cocinmu a Damagaram, abin ya tsaya mini a rai.

Ya kamata ya saurari waƙar Kirsimeti mai suna "O magnum mysterium". Palestrina, mai tsara waƙoƙi ɗan Italiya, ya tsara ta da muryoyi shida a 1569, muryoyin na shiga juna kamar saƙar tabarma. Victoria ɗan Sifen kuwa, a 1572, muryoyi huɗu suka ishe shi. Murya guda ke buɗewa, siririya, sauran su biyo a hankali, sai Alleluya ta ƙarshe ta sauya taki kamar kalangu ya shigo.

Ta Victoria muke rerawa da Kirsimeti, don masu muryar ƙasa biyu kacal gare mu.

Naka,
Wani mai karatu, unguwar Birni, Zinder