Rarrabe Ɗanyen Mai a Ɗakin Gwaji

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan kiromatogirafi, dabarar rarrabe gaurayayyun sinadarai da masanin Rasha Mikhail Tsvet ya fito da ita a 1903, wadda masu binciken ɗanyen mai suke dogaro da ita har yau. Da farko ana zuba sinadarin heften, wani ruwa mai narkar da mai, a cikin ɗanyen man domin asfaltin, baƙin kaso mafi nauyi, ya kwanta. Ragowar kuma a tsiyaya ta cikin bututun gilashi cike da garin silika (sinadarin da ke cikin yashi), inda kason farko yake fitowa garau kamar ruwa, wani ruwan narkarwa mai suna toluwin ya wanko kaso na biyu, resin mai danƙo ya zo ƙarshe. Asfaltin ɗin ne ya fi damuna, domin yana daskarewa ya toshe bututun mai.

Naka,
Mai karatu